Rigar Liman a Bayan Tifa

Kwanakin baya ina zaune a rumfata nan Talata Mafara, sai ga ɗaya daga cikinku, ku masu wanki da guga na zamani, ya zo aron dutsen gawayi saboda an ɗauke masa wuta. Ya tarar ina juya wata shadda a kan igiya. Ya tsaya yana yi mini murmushin tausayi, ya ce ai shanya ba aiki ba ce, rana ce ke yi. Na yi masa godiya da wannan ilimi. Tun kafin a yaye ubansa nake cikin sana'ar nan, amma sai ran nan na gane ashe duk wahalar da na sha ta banza ce. Washegari na wuce ta ƙofar shagonsa, na ga kaftanin wani bawan Allah a igiya, kafaɗa ɗaya shuɗiya, ɗayar ta koma ruwan toka. Ranar tasa ta yi masa aikin har da gyara.

Ni a hannun Baba Jatau na koya, wani gajeren tsoho mutumin Bakura wanda soda ta cinye masa zanen tafin hannu. Na je wurinsa gemuna ya riga ya fito, ina ganin kaina ƙato, ina jiran a miƙo mini sabulu in nuna ƙarfi. Bai ba ni sabulu ba. Ya nuna mini tulin jiƙaƙƙun kaya da yashin gulbi, ya ce in shanya. Damina ta zo ta wuce ban taɓa baho ba sai dai in ɗauko masa. Da na yi ƙorafi, ko ɗago kai bai yi ba.

"Wanki kowa na iyawa, Mamman," ya ce. "Ko jaki kas sa ma sabulu ga ƙahwa shina yi. Shanya ita ta aiki."

Kayan aikinmu ba su da yawa. Faffaɗan dutse, baho, sabulun salo, bula, sitacin rogo, dutsen guga na gawayi, sai gungumen bugu da mabugai biyu waɗanda hannu ya goge har suna sheƙi. Igiya ta ƙananan kaya ce. Manyan riguna a kan yashi muke baza su, ko a kan geza, gajerun itatuwan nan na bakin gulbi, a danne kusurwa da duwatsu. Akwai kuma wani ɗan ƙoƙo na gishiri da Baba yake ajiyewa a saman katanga. Kullum da safe sai ya murza gishirin nan da yatsa. In ya zubo warwas, kaya za su bushe. In ya dunƙule, ko sama ta yi tas ba ya jiƙa babbar riga.

Kowane lokaci na shekara da irin mugun halinsa. Da sanyi kaya suna bushewa kafin ka juya baya, kuma nan ne wawa yake murna. Ka bar riga mai sitaci ta wuce lokacinta, za ka ɗauko ta a sandare kamar kilishi, ka yi ta yayyafa mata ruwa tana ƙin kwanciya. Ana kwashe ta ne da sauran ɗan laushi. Da bazara rana tana cin launi, don haka mai rini sai an juya shi ciki waje an kai shi inuwa, fari kaɗai ake ba ta. Ga kuma guguwa. Akwai ranar da na yi ƙyuyar neman duwatsu, guguwa ta ɗauki wandon wani mahauci ta yi sama da shi, ta ajiye shi a kan wata ƙaya. Na hau na sauko da wando, rabin fatar hannuna kuma na baro ta can. Baba ya duba wandon sosai, ya ga bai yage ba, ya ce alhamdulillahi ba a yi hasara ba.

Damina kuwa ita ce alƙali. Kaya za su yi maka kamar sun bushe, ka taɓa ka ji garau, ka ninke. Kwana kaɗan mai su ya buɗe ya tarar da tsami da ɗigon funfuna, wanda babu sabulun da ke fitar da shi. Shi ya sa ba ma gwada bushewa da hannu, hannun mai wanki ya daɗe da mutuwa. Da leɓe ake gwadawa, kuma ba a tsakiyar riga ba. A wuya, a bakin aljihu, a shafin ƙasa inda yadi ya ruɓanya. In leɓenka ya ji sanyi, ƙarya take yi maka. Na san ku ba za ku sa leɓe a rigar wani ba, kun fi ƙarfin haka, turare kuke fesawa a kan tsamin.

Muna cikin wannan sai aikin dam ya zo. Garin nan ya cika da leburori da direbobi da masu gadi, ga Turawa da 'yan gajerun wandunansu da zanuwan gado masu faɗin gona. Kaki ya yi ta zuwa, jar ƙasa da baƙin mai sun kama shi har ba ka gane asalin launinsa. Kamar yadda kuke yi yanzu, duk wanda ya mallaki bokiti ya wayi gari mai wanki. Mun ga abin mamaki a lokacin. Mun ga wanda ya dafa rigar sanyin Bature a tukunya, ta fito daidai jikin jariri.

Da aka tare ruwan, gulbin da muka sani ya canja hali. Wurin shanyarmu wani lokaci babu ruwan wanki kusa, wani lokaci kuma yashin ya yi fari a sama alhali ƙarƙashinsa jagab. Muka koma bakin magudanar da aka haƙa ta bi ta gonaki zuwa Bakura. Iskar ma ta canja, ko dai mu muka ji haka a jikin kayanmu. Raɓa ta yi nauyi, kaya suka riƙa jan lokaci. Gishirin Baba ya fara dunƙulewa a ranakun da babu ko ɗigon girgije, shi kuwa ya ɗauki wannan a matsayin raini. Mutumin da ya tsufa yana karanta sama, ga shi laima tana zuwar masa ta ƙasa ba sallama.

Shekarar da ta fi muni ita ce wadda ruwa ya hau ya shanye gonaki da gidaje a wajen Maradun. Mutane suka watsu. Wanda gonarsa ke ƙarƙashin ruwa ba ya kwana da tunanin sitaci, saboda haka manyan rigunan da muke taƙama da su suka daina zuwa. Ga marka ta zauna daram kamar an biya mata sadaki. Sai mu wuni muna kallon yayyafi, ni da Baba, kowa ya gaji da fuskar ɗan'uwansa.

A cikin markar nan ne, ranar wata Talata ana cin kasuwa cikin caɓi, wani mutum ya yi sallama a zaurenmu da ƙunshi a hammata. Malam Shehu sunansa, ɗan limamin wani ƙauye da ke can wajen Maradun. Ba sai na faɗi sunan ƙauyen ba, yanzu kifaye ne mazaunansa. Uban ya rasu gab da tashinsu, limancin ya faɗo kansa a lokacin da babu masallacin. Suka gaisa da Baba, aka tambayi gida da iyali da ruwa da gajiya da haƙurin rashi, har ƙafata ta yi sanyi a tsugune. Sannan ya kwance ƙunshin.

Farar riga ce ta saƙi, irin ta da, mai nauyi, an cika mata ƙirji da aikin zaren tsamiya, silikin nan na gargajiya. Ɗakin da aka ba shi aro yana yoyo, jar ƙasa ta zubo mata tun daga kafaɗa har aljihu. Baba ya ɗaga ta, ya auna nauyinta a hannu, ya ajiye.

"Allah shi gafarta Malam, rigag ga ba ta malka ba ta," ya ce. "In tash sha ruwa yanzu, sai ran da tag ga dama ta bushe. A bari sama ta ɗauke."

"Na sani, Baba," in ji Malam Shehu. "Amma gata Juma'a. Mutanenmu sun watse, wasu na Dosara, wasu na Gidan Goga, wasu sun bi dangi Bakura. Na aika musu cewa Juma'ag ga za mu tsai da salla ga sabon wurin da anka ba mu. Da rigag ga ubana yat tsaya, da ita kakana yat tsaya. In sunka gan ni cikinta, sun san garinmu bai mutu ba, sai su dawo mu zauna wuri guda. In ko sunka gan ni da wagga," ya ja koɗaɗɗiyar taguwar da ke jikinsa, "sai su ce limamin ma ya zama abin tausai."

Baba ya tashi ya murza gishiri. A dunƙule yake. Ya fita ya daɗe yana kallon gabas, yayyafi na sauka a kan hularsa. Da ya dawo sai ya ce gobe rana za ta buɗe, a bar rigar.

Ta kuwa buɗe, don a karatun sama ban taɓa ganin ya faɗi ba. Da sassafe muka wanke rigar, shi da kansa, a hankali, ba murza ba dukan dutse. Jar ƙasar ta fita tas. Muka matse ta mu biyu, muka baza ta a kan geza inda iska za ta shiga ta ƙasa, ina juya ta ina bin rana da ita. A shekarun baya rana irin wannan ta ishe ta. Amma da la'asar Baba ya sa leɓe a jikin rigar ya ji garau, ya sa a aikin ƙirji, sai na ga fuskarsa ta canja. Wuya da aljihu da shafi duk suna riƙe da ruwansu. Kafin magariba sama ta sake rufewa.

Alhamis aka wuni ana yayyafi. Muka rataye ta a zaure muna yi mata fifita da faifai, in hannuna ya mutu Baba ya karɓa. Ni da kaifin basira irin taku na kawo shawara a hura wuta a ƙarƙashinta.

"Ƙwarai kuwa," in ji Baba. "Mu kyahe ta kamak kihi, Malam shi tashi huɗuba shina ƙamshin banda."

Na ce to a bi ta da dutsen guga. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin abin da wuta ke yi wa jiƙaƙƙiyar tsamiya, na ce a'a. Ya ce to ba a kan rigar kakan wani zan gani ba. Muka ci gaba da fifita. Zuwa yamma na kai hanci wajen aljihun na ji ɗan tsami ya fara tasowa, kaɗan dai, irin wanda sai ɗan sana'a ke ji. Muka kalli juna. In ta ƙara wuni a haka funfuna za ta fito, kuma daga nan rigar ta tashi daga aiki har abada.

Juma'a da safe ruwa ya tsaya, amma babu rana, babu iska. Ko ganye ba ya motsi. Malam Shehu ya iso da wuri, ya gaishe mu, ya zauna a gefe. Muna nan sai wata tifa ta tsaya a ƙofa, Ɗan Ige ne direbanta, ya biyo karɓar kakinsa zai wuce wajen dam. Shi wannan mutum ne da ba ya kawo mana singileti, da kansa yake wanke abarsa ya ɗaure a jikin madubin mota. Baba ya fita miƙa masa kaya, ya tsaya, ya kai hannu ya taɓa singiletin, sannan ya sa mata leɓe. Ɗan Ige ya zuba masa ido.

"Yaushe kaw wanke wagga?"

"Ɗazu da asuba, Baba. Lahiya?"

Baba ya juyo gare ni. "Mamman, ɗauko gora mai tsawo. Ɗauko mabugai."

Haka aka yi. Muka share bayan tifa, muka zura gora ta hannu ɗaya na rigar ta fita ta ɗayan, ni na riƙe wannan bakin, Baba ya riƙe wancan, muka tsaya a bayan kan mota muka ɗaga ta sama. Malam Shehu ya shiga gaba. Da Ɗan Ige ya taka mota, rigar ta cika da iska ta nemi ta tafi da mu duka. Baba ya ɗaure ƙugunsa da rawaninsa a jikin ƙarfe. Duk lokacin da wata mota ta tunkaro za ta watsa caɓi, sai ya ce "ƙasa", mu sauke mu rungume ta, in ta wuce mu sake ɗagawa. Mutanen hanya suka riƙa sakin baki. Masu zuwa gona suka ajiye fartanya, wata tsohuwa ta ja jikarta ta koma cikin dawa. Na tabbata har yau akwai wanda ke ba jikokinsa labarin ranar da ya ga riga ba mai ita tana gudu zuwa Maradun.

Muka bi ta gefen ruwan dam ɗin. Ban taɓa ganin sa kusa haka ba, shimfiɗe har iyakar gani, kawunan itatuwa sun leƙo nan da can. Daga baya Ɗan Ige ya gaya mini cewa tun da ruwan ya bayyana Malam ya juya fuskarsa ɗaya gefen, bai waiwayo ba sai da suka wuce. Shi ma Ɗan Ige ya wuce inda aka aike shi, ya kai mu har wurin, ya ce in an tambaye shi zai ce taya ce ta yi faci.

Sabon wurin tudu ne mai tsakuwa, an ture itatuwa an bar su kwance. 'Yan bukkoki ne jefi-jefi. Masallacin kuwa an jera duwatsu ne aka zagaye fili, aka kafa rumfar zana ta wajen gabas. Muka sauko. Baba ya sa leɓe a wuya, ya sa a aljihu, ya bi shafin ƙasa gaba ɗaya. Ya kai hanci. Sannan ya ce, "Ta yi."

A kan wani kututturen da aka ture muka buge ta. Ya ninke ta yadda ake ninke irinta, ya ɗan fesa ruwa da baki inda ya dace, muka zauna muna fuskantar juna, mabugi na sauka mabugi na tashi. Ƙarar ta cika tudun nan. Malam Shehu ya yi murmushi karo na farko, ya ce ko wannan kaɗai ya isa ya sanar da mutane cewa yau akwai abin da ake yi. Da muka gama, saƙin ya kwanta, tsamiyar tana ɗaukar ido. Ya shiga wata bukka ya fito a cikinta. Wani tsoho da ke zaune bakin rumfa ya dube shi, ya kira shi da sunan ubansa, sannan ya tuna ya sunkuyar da kai.

Sai aka zauna jira. Tsofaffin da ke wurin suka shigo, wani gurgu ya iso a kan jaki, sai wani magidanci daga Dosara. Shi ne ya kawo saƙon cewa 'yan'uwansa sun sami aron gonaki a can, suna gaisuwa, amma masallacin can ya fi musu kusa. Na Gidan Goga aka ce rafi ya cika ya tare hanya. Na Bakura ba a ji daga gare su ba. Malam Shehu yana tsaye bakin duwatsun nan cikin rigar kakansa, yana duban hanya, in ya hango wani ya gyara tsayuwa, sai mutumin ya karkata ya bi wata hanya. Lokaci ya shiga, ya fara wucewa. Ba su kai adadin da ake tsayar da Juma'a da shi ba.

Na matsa kusa na ce masa ga ni, ga Baba, ga Ɗan Ige, a lissafa da mu.

"Allah shi yi maka albarka, Mamman," ya ce. "Ku baƙi na. Juma'a da mazauna gari aka tsai da ita."

Ya ƙara ɗan jira. Daga nan ya juya ya ce wa mutanen azahar za a yi. Ya koma bukka, ya fito cikin koɗaɗɗiyar taguwarsa, rigar tana ninke a hannunsa a kan ninkin da muka yi mata. Ya ja mu salla raka'a huɗu. Na yi aikin da ya lalace a hannuna ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa jin baƙin ciki irin na ran nan ba, kuma shi ne aikin da muka fi yi da kyau.

Da za mu tafi ya miƙa wa Baba rigar. Ya ce bukkarsa tana yoyo, mu kuwa mun san yadda ake tsare ta. A ajiye masa, in mutanensa sun taru zai aiko.

Bai aiko ba. Bayan kaka muka ji ya bi wasu daga cikinsu kudu neman ƙasar noma, daga nan labari ya yanke. Baba ya tambayi duk wanda ya zo kasuwa daga wajen nan har ya gaji. Da Baba ya rasu, 'ya'yansa suka kawo mini mabugan da akwatin da rigar take ciki, suka ce ya ce ba gado ba ce, ajiya ce.

Na ga kuna rubutawa a bangon shagunanku cewa kayan da ya daɗe ba a karɓa ba, babu ruwanku. Madalla, kun huta. Ni dai duk shekara in damina ta ɗauke, nakan jira ranar da gishiri ya zubo warwas, in fito da ita in rataye a inuwa ta sha iska, in canja mata ninki don kada zaren ya karye a wuri ɗaya. Bara na ga kafaɗar hagu ta fara saki duk da haka. In kun ji wani yana cigiyar rigar limamin garinsu, ku turo shi nan. A bushe take.